Kunama a Aston

"...lafiya lau, amarya, sai godiyar Allah. Sanyin ma yau da sauƙi. Kunama ce dai ta hana ni sakat."

Safiyatu na tsaye cikin bas a titin Oxford Road na Manchester, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya manne da waya a kunne. Daga intabiyun neman aiki ta fito, kuma tun daga yadda matar ta yi mata murmushi a bakin ƙofa ta san ba za a kira ta ba. Shi ya sa ta bugo wa kakanta, Alhaji Rabe, mahaifin mamarta, tsohon injiniyan ruwa da ke zaune shi kaɗai a Birmingham tun rasuwar Hajiya Ruƙayyatu. So take ya tsokane ta yadda ya saba, ta rama, ta ɗan ji sanyi a ranta.

"Kunama kuma? Wace kunama?"

"Tawa mana. Ranar Asabar na taɓa ta, ta yi shiru. Na sake taɓa ta, shiru. Da na danne ta da ƙarfi sai ta harba. Yatsana har yanzu bai dawo daidai ba."

Sau ɗaya ta taɓa ganin harbin kunama, tana ƙarama, da aka kai su hutu Gusau, kuma har yau ba ta manta ihun matar da aka harba ba. Nan take ta tuna da buhun kuka da daddawa da wani baƙo ya kawo wa tsohon daga gida a watan jiya. Ashe da fasinja a ciki!

"Kaka, ka je asibiti?"

"Asibiti a kan kunama? Ai wannan aikin maƙeri ne. Ke dai ki zo. Kada kuma ki gaya wa uwarki, ke kaɗai nake so."

Wayar ta katse. Ta sake kira, tana ta ringi ba a ɗauka ba. Can sai ga saƙo ya shigo, haruffansa a hargitse kamar kaza ta taka su, da ƙyar ta tsinci "ki zo" a ciki. Ta ce a ranta, shi ke nan, dafin ya hau kai. Maimakon ta wuce flat ɗinta na Rusholme, sai ta dira daga bas ta nufi tashar jirgi da gudu, da takalmin intabiyu mai tsini. A hanya babu addu'ar da ba ta karanta ba. Da ta sauka tashar New Street ta Birmingham ta sayi ƙanƙara da lemon tsami da maganin ƙaiƙayi, don ba ta san wanne ne zai yi aiki ba.

Ta tarar da ƙofar flat ɗin kakan nata da ke unguwar Aston a buɗe. Tsohon na zaune a falo cikin jallabiya da rigar sanyi, tabarau a kan hanci, kwamfutar hannu ta tablet a gabansa, butar shayi na tururi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta cire takalmi ɗaya ta riƙe shi sama.

"Ina take?"

"Wa alaikumus salam. Haka ake shiga gidan miji a Manchester, da makami a hannu?"

"Kaka, ina kunamar?"

"Tana ɗaki. Na kulle ta a akwatin ƙarfe."

"Ka kulle ta? Kiwonta za ka yi?"

"To da yar da ita zan yi? Mun daɗe tare. Ai ta girmi digirinki."

"Innalillahi! Ya tabbata dafin ya taɓa maka kai. Kawo yatsan in gani."

Ya miƙo mata na hagu. Ta juya shi sama da ƙasa, babu kumburi babu tabo. Ya leƙa ledar da ke hannunta, ya ga ƙanƙara ta fara narkewa tana ɗiga a kan kafet, ya ga lemon tsami. Ya dube ta ta saman tabarau, ya sake duban takalmin. Kafaɗunsa suka fara motsi.

"Amarya, tsaya. Abin nan da ake ja da yatsa a jikin bindiga, me ake ce masa?"

"Trigger."

"Da Hausa nake tambaya."

Ta sauke takalmin a hankali.

"Kunama," in ji shi, yana jan kalmar kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. "Ku-na-ma."

Dariya ta kece masa har da tari, har ya cire tabarau yana share ido da gefen hula. Safiyatu ta zube a kan kujera, takalmin na hannunta, ba ta san ko kuka za ta yi ba ko ta jefe shi da shi.

"Wayyo Allah cikina! Tun daga Manchester! Da ƙanƙara! An sa hula mai igiya, an yi hoto, an tara mu mun sha sanyi a bakin jami'a, ashe Hausar ko ta sayen barkono ba ta kai ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi."

"Laifin wa? Mutanen da suka rasa sunan da za su sa wa ƙarfe sai na ƙwaro?"

"Dubi siffarta mana. A lanƙwashe take kamar wutsiyar kunama, kuma ita ma harbi take. Mutanen da ba su yi digiri ba ne suka raɗa sunan, amma sun fi ki lura."

"Ka san irin gudun da na yi a tashar Piccadilly kafin in samu jirgi? Saura kaɗan in ture wata tsohuwa."

"Kishi ne. Kin ji an ce wata ta taɓa min yatsa."

"Allah ya kiyaye! Wa zai yi kishi a kan tsohon da haƙoransa ke kwana a kofi?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"Wannan zumar ta daɗe da zama maɗi."

Ta tashi ta kai ƙanƙarar kicin ta zubar, ta wanke fuska, ta dawo. Ta san da zancen bindigar, kowa a dangi ya sani. Wata 'yar ƙaramar bindiga ce ta harbin gasa, irin mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Yana da lasisinta, 'yan sanda sun zo sun duba akwatin da aka kafe a bango, kuma duk Asabar abokinsa Manasseh, wani tsohon ma'aikacin jinya mutumin Kafanchan, yakan zo da mota su tafi kulob a bayan gari su harbi takarda mai zane. Bayan rasuwar Hajiya ne ya fara, kuma mamarta, Dakta Hafsa, ba ta taɓa son abin ba.

"To Sarkin Bakan Aston," ta ce, tana zuba wa kanta shayi, "tun da ka fara farautar nan ko fara ba ka taɓa kawo mana ba. Mijin wasu ya dawo da barewa, nawa ya dawo da takarda mai huji."

"Takardar ta fi barewa wuya. Barewa ƙatuwa ce."

"Takarda tana gudu ne?"

"Ba ta gudu, amma ba ta ƙarya. Inda ka harba nan za ta nuna wa duniya. Ke ina taki takardar ta kai ki? Yaya intabiyun?"

"Sun ce za su neme ni."

"Za su neme ki kamar yadda ake neman ciwon kai. Zo nan ki yi aikin da aka kira ki. Kunamar da ta zo da bindigar ta yi min tauri. Ka ja, ka ja, kamar kana jan akuya zuwa kasuwa, kuma tana gurza kamar da yashi a ciki. Kafin ta saki, hannu ya kauce. Sabuwa nake so, in kai wa maƙerin kulob ya sa min. Ga su nan, ki taya ni zaɓe."

Ya turo mata tablet ɗin. Hotunan wasu 'yan ƙarafa ne a jere, wata baƙa, wata ja, wata miƙaƙƙiya, wata a lanƙwashe.

"Duk kamarsu ɗaya. Ɗauki jar, ta dace da idonka."

"Ji shashanci. Mata ma ai daga nesa kamarsu ɗaya, sai an zauna da su. Wannan ta farko mataki biyu gare ta. In ka ja, sai ta biyo ka a hankali, sannan ta tsaya cak, kamar tana cewa, malam, ka tabbata? In ka ƙara, sannan ta tashi."

"Mai hankali ke nan."

"Halin kakarki, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa fashe min ba sai ta yi gargaɗi. Za ta fara ajiye cokali da ƙarfi. In na ji ƙarar cokali, na san saura mataki ɗaya, sai in ɗauki hulata."

"Amin. Ita ta iya da kai. Wannan fa?"

"Wannan mataki ɗaya ce. Babu sallama, babu gargaɗi. Ka shafa ta kawai, ta tashi. Ke ke nan."

"Ni?"

"Ke mana. An ce kunama, ba ki tambayi wace iri ba, sai ga ki a Birmingham da takalmi ɗaya."

"To tunda ka san halina, ka ɗauki mai halin Hajiya ka huta."

"A'a. Amaryar nake so. Mai taushin nan, wadda ta fi kowace sauƙin ja."

"Tsofai-tsofai da kai? Za ta kashe ka da hawan jini."

"Ina ruwanki? Bari in nuna miki ita da kyau."

Ya miƙa hannun dama zai buɗa hoton. Yatsan ya sauka gefe, shafin ya ɓace, sai ga tallar gashin kanti na mata ta cika fuskar tablet ɗin, wata baturiya na murmushi da kitso har gadon baya.

"Iye! Asiri ya tonu! Ashe gashi ake saya wa wata a Aston. Wace ce? 'Yar gidan su wa?"

"Na'urar ce ba ta da kunya."

Ya sake gwadawa. Yatsan ya sake kaucewa, ya taɓa wani wuri, ya taɓa shi sau biyu. Ya ja tsaki ya janye hannun, ya ɗauki kofin shayinsa. Kofin ya shiga kaɗawa a kan faranti, ƙas-ƙas-ƙas, har shayin ya fantsalo masa a jallabiya. Ya yi maza ya tallafe da hannun hagu ya ajiye, ya ɗora hannun daman a kan gwiwa.

Safiyatu ta bi hannun da kallo. A kwance yake, ba ya aikin komai, amma babban yatsa da manuni suna ta murza juna kamar mai jan carbi, alhali babu carbi. Sai ta tuna hannun hagu ya miƙo mata ɗazu. Ta tuna saƙon nan mai hargitsattsun haruffa. Tsoron da ta zubar a kicin tare da ƙanƙara ya dawo ya zauna mata a ciki, wannan karon ba shi da abin dariya.

"Kaka, hannunka rawa yake."

"Wane ango ne ba ya rawar jiki in ya ga amarya?"

"Ba wasa nake ba."

"Sanyin ƙasar nan ne."

"Hita a kunne take, har gumi nake. Kai da bakinka ka ce sanyi da sauƙi yau."

"To yunwa ce. An aura min mace ba ta iya ko dafa ruwa ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ɗaura auren."

"Alhaji Rabe." Ba ta taɓa kiran sunansa haka ba. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun yaushe hannun yake haka?"

Ya dubi hannun kamar na wani ne aka ajiye masa a gwiwa. Ya sa na hagu ya rufe shi.

"Tun wajen azumi. Da farko sai na gaji yake yi. Yanzu ko ban gaji ba." Ya gyara murya. "Na je wurin GP, likitar unguwa. Wata yarinya ce, ba ta fi ki ba, ta sa ni in taɓa hancina, in yi tafiya a kan layi kamar wanda aka kama da maye. Ta tura ni asibiti, suka sa kaina a cikin wata na'ura mai ƙugi, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa."

"Me suka gani?"

"Na tambaye su ko sun ga ƙwaƙwalwar, suka ce tana nan. Na ce to alhamdu lillahi, a dangin ba kowa ya samu ba."

"Kaka!"

"Ba su faɗa ba tukuna. Sun ce likitan jijiya zai duba, sannan su kira. Ko ciwon nan ne na rawar jiki, ko wani abu ne mai sauƙi. Jira nake."

"Mama ta sani?"

"Da ta sani da kin same ni a nan? Da tuni ta naɗe ni a bargo ta kai ni Manchester ta ajiye a ɗakin sama, tana auna ni safe da yamma kamar buhun masara."

"Shi ne ka ga maganin abin ka sayi kunama mai taushi."

"Ki fahimta mana. Tsohuwar sai na matsa da ƙarfi, in na matsa hannun ya ƙara rawa. Ranar Asabar harsashina ɗaya a takardar Manasseh ya sauka. Ya ce, Alhaji, na gode da gudummawa. Muka yi dariya. Amma na ga yadda ya kalli hannuna, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a asibiti. In na sa mai taushi, shafa kawai zan yi, babu wanda zai lura."

"Yatsan da ke motsi da kansa za ka ɗora a kan abin da ke tashi da shafa?"

"Ai ba na ɗora yatsa sai na saita. Wannan dokar farko ce, tun ba ki san hanyar jami'a ba nake bin ta."

"Kai ka san dokar. Yatsan ya sani? Yanzun nan ka aike shi wurin kunama ya tafi wurin gashin mata."

Ya gyara zaman tabarau.

"Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne," ta ce.

"Wa kika kira makaho? Daga nan ina hango ƙurjin da kika shafe da hoda."

"Abin da ya rage ke nan, gani. Manasseh a gefenka yake tsayawa, ko ba haka ba? Mutumin da ke zuwa ɗaukarka da motarsa, matarsa na aiko maka da kunun gyaɗa. In ta tashi ba ka shirya ba fa?"

"Bakin bindiga kullum gaba yake kallo."

"Na ji. Harsashinka ma gaba ya kalla, ya je takardar wani."

Tsohon ya jingina da kujera. Ya daɗe yana kallon hoton Hajiya da ke saman talabijin.

"Kin san abin da zai faru in suka ce ciwon ne? Dole in sanar. In ma ban sanar ba, ranar sabunta lasisi sai GP ta sa hannu. Wataƙila su bar min, wataƙila su ce in kawo. In suka karɓe, Asabar ta zama Talata, Talata ta zama Laraba. In zauna nan ni da butar shayi muna kallon juna. Can kuwa in na shiga, har turawan nan cewa suke ga Alhaji ya zo. Ana jirana a wani wuri, amarya. Kin san daɗin a jira mutum a shekaruna?"

Idonta ya ciko. Ta yi sauri ta ɗauki kofinta ta kai baki, shayin ya riga ya huce.

"Ni ma ai ina jiranka," ta ce. "Kai ka ce sai ka ga wanda zai ƙwace ni daga hannunka ka yi masa tambayoyi har ya gudu."

"Wannan ai ba sai na wahala ba. Da ya ji muryarki zai gudu."

"To ka ji sharaɗina. Ba za a sayi kunama ba, mai taushi ko mai tauri, sai likita ya yi magana. In ka saya a bayan idona, ka ba ni takardata."

"Sakin ma sai a rubuce? Da wane hannun? In na rubuta, alƙali zai ɗauka takardar magani ce."

"Ka danna da babban yatsan ƙafa."

"Ji mugunta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babban da ya hango gashin kanti? Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Kin dai yarda ke karya ce."

"Kai kuma zomo, ga kunnuwan nan."

Ya shafa kunnensa da hannun hagu, murmushi na neman ƙwace masa. Ta ga alamar ya fara laushi, sai ta ƙara matsawa.

"Bindigar kuma ba za ta zauna a ɗakin nan ba. Ba ka ce kulob ɗin na da ɗakin ajiya ba? Ranar Asabar Manasseh ya zo, ku kai ta can a kulle. Ka je ka zauna, ka sha shayinsu, ka duba takardun mutane ka yi musu dariya. Ai bakinka ba ya rawa."

"In je wurin harbi ban yi harbi ba? Kamar a gayyaci mutum walima a ba shi tsinken sakace."

"Za su dai ce ga Alhaji ya zo. Ba bindigar suke gaisarwa ba."

"In Manasseh ya tambaye ni dalili fa?"

"Kai ka ce ya riga ya kalli hannun. Kunyarka yake ji, shi ya sa ya yi shiru."

"Kuma uwarki?"

"Yau za a gaya mata."

"Ke za ki gaya mata. Ni tsoronta nake. Tun tana goye take hararata."

"Maharbi guda, mai bindiga a ɗaki, yana tsoron 'yar da ya haifa."

"Ba ki taɓa ganin ta cire tabarau ta ce 'Baba' ba? Gara kunamar gaske."

"Tare za mu kira ta. Ni in riƙe wayar, kai ka yi magana. In ta fara faɗa sai in ce network ne."

"Na aika a kawo min mai taya ni sayayya, aka kawo min 'yar sandan ciki." Ya girgiza kai. "Allah ya isa tsakanina da wanda ya koya miki karin magana bai koya miki sunan kunama ba."

"Kai ne."

Nan dariyar ta ƙwace masa gaba ɗaya, irin ta ɗazu, har da buga ƙafa. Ya ɗaga hannun hagu sama kamar wanda aka ritsa.

"Na faɗi. Kin kayar da ni, 'yar banza mai kan kwakwa. Rufe shafin. Kashe shi kafin baturiyar nan ta dawo."

Ta kashe tablet ɗin ta kife shi. Ya dafa kujera ya miƙe, ya shiga ɗaki, ta ji yana jan jakar da yake zuwa kulob da ita. Ya fito riƙe da wani abu kore mai kama da manyan kofuna biyu haɗe da baka, irin wanda maharba ke rufe kunne da shi saboda ƙara. Ya rataya mata a wuya.

"Ungo. Tukuicin tafiya."

"Me zan yi da wannan? Ni harbi nake?"

"Ba naki ba ne, ajiya ce. Ranar da aka samu marar rabon da zai ɗauke min ke, ki ba shi a daren farko, ki ce in ji kakanki. In kunne ya tsira, jiki ya tsira."

"Ba haka ake faɗa ba."

"A kanki haka ake faɗa."

Ta ɗaga abin ta sa a kunnuwanta. Duniya ta yi tsit. Tana ganin bakinsa na motsi, yana nuna ta da yatsa yana ci gaba da zuba, ba ta jin ko ɗaya, sai ta gyaɗa masa kai kamar mai biyayya. Ya kai mata duka da hula, ta goce, suka yi ta dariya. A gefen jallabiyarsa hannun daman na ta motsinsa, bai tsaya ba.

Bayan la'asar suka kira Dakta Hafsa. Ba ta yi faɗa ba. Sai ta tambayi sunan asibitin da ranar da aka ɗauki hoton, ta ce tana nan tafe da ta tashi aiki. Ranar Asabar Manasseh ya zo da motarsa, aka kai bindigar ɗakin ajiyar kulob, bai tambayi dalili ba. Safiyatu ta koma Rusholme ta ci gaba da neman aiki, wayarta kullum a hannu, ko wanka za ta shiga sai ta ƙure mata ƙara.

Asibitin sun ce za su kira in likitan jijiya ya gama duba hoton. Har yanzu ba su kira ba.